Shaddata da Idon Malam Ya'u

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan tirela daga Challawa zuwa Legas, kuma a duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ne yake buɗe mini ƙofar kamfani, Malam Ya'u. Majemar da muka yi wa aiki ta rufe tuntuni, ma'aikata sun watse, ni na koma sayar da tsofaffin tayoyi a bakin titin Panshekara. Shi kaɗai aka bari a ɗan ɗakin da ke jikin ƙofar, yana gadin injinan da suka daina motsi. Nan yake kwana, nan yake dafa abin da ya samu. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure a Maigatari.

Sai yanar ido ta rufe masa idanu, duka biyun. An daɗe ba a gane ba, don mutumin yana sanin mota da ƙararta, yana sanin mutum da takunsa. Asiri ya tonu ne ranar da wasu samari uku suka shigo da rana tsaka da baro, suka ɗora injin jan ruwa, suka fice ta gabansa. Har addu'a ya yi musu, a zatonsa masu kwasar shara ne. Manajan da ke kula da wurin ya zo ya tsaya a kansa, ya ce yana ganin girmansa, amma in ba a gyara idon nan kafin babbar Sallah ba, to a miƙo makullin ɗaki. Mutumin da ya haura saba'in da biyar, in ka karɓe masa wannan ɗakin, ina ka nufa da shi?

Akwai abin da ba kowa ya sani ba game da Malam Ya'u. Yana ɗan shekara sha bakwai ya bi ubangidansa kai shanu kudu a jirgin ƙasa, yaƙin basasa ya rufe hanya da su. Aka tattara su a wata makaranta, aka zagaye ta da waya, aka sa masu bindiga. Wata goma sha huɗu ya yi a ciki. Sau biyu kacal ya taɓa ba ni labarin, shi ma a gutsure. Abin da na fi sani shi ne abin da nake gani da idona: duk abin da ka ba shi ya ci, sai ya raba biyu ya sa rabi a aljihu. Ko gurasa, ko ƙosai, ko rake.

Ana haka na ji sanarwa a rediyo. Wata gidauniya, wai ita Inuwar Magabata, ta samo tallafi daga masu alheri na ƙasashen waje don tsofaffin da suka tsira daga sansanonin tsare mutane na lokacin yaƙi. Za a yi taro ranar Asabar a wani babban sito a Bompai. Akwai shinkafa, akwai bargo, kuma mutum goma za a yi musu aikin ido kyauta. Na rufe rumfata na tafi wurinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"To, Gali, sai ka ara mini shaddar nan taka mai ruwan ƙasa."

Shadda ce da na ɗinka lokacin aurar da 'yata ta fari, babbar riga da 'yar ciki da wando, aikin wuyanta kaɗai sai da mai ɗinki ya yi sati uku a kai. Na ce, "Malam, wurin rabon agaji ba a zuwa da sitaci. Ku sa wannan ta jikinku, ita ce daidai."

"Mutane sun taso daga nesa don su girmama mu, in je musu kamar wanda aka koro daga kasuwa?"

"Ai ita suke nema su gani."

Ya juya fuskarsa wajen da yake jin muryata. "Wata sha huɗu na yi da buhun gishiri a jikina, an huda wurin wuya. Ba wanda zai sake tara jama'a ya kalle ni a haka."

Na kai rigar wajen mai guga.

Ranar Asabar muka hau a daidaita sahu zuwa Bompai. Na sa a sauke mu nesa kaɗan da ƙofa, don rigar ba ta yi kama da wadda ta fito daga a daidaita ba. Ya sha turare, ya kafa hula zanna. Wallahi ni da na ba da aron sai da na ji kamar in durƙusa in gaishe shi.

Muna shiga harabar na ga waɗanda suka tsira daga sansani. Sun kai mutum sittin, an jera su a benci cikin rana, kowa da yagaggiyar singileti. Rabinsu na san su. Ga mai faci na kwanar Dorayi, ga wani da muka yi lodi tare a Sharada, ga mai sayar da rake na ƙofar kamfanin roba. Mai jagorantarsu kuwa Ɗan'auta ne, ɗan unguwarmu, yana rataye da kati a wuya wai shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin sansani ta jiha. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka haifi Ɗan'auta, bayan yaƙi ya ƙare da shekara biyu. Ina da tabbas, don na ci wainar sunansa. Ya shafa wa gemunsa wani abu fari, da ya yi gumi sai abin ya riƙa gangarowa wuyansa.

A bakin siton an kafa tebur, wani matashi mai tabarau, Muhyiddeen, yana zaune da kwamfuta yana tantance mutane. Muka bi layi. Da aka zo kanmu ya kalli rigar tun daga ƙasa har sama.

"Baba, ku ma wurin tallafin kuka zo?"

Na ce e, na faɗi sunansa da shekarunsa da inda aka tsare shi. Ya ce in yi haƙuri, mai abin ne zai amsa da bakinsa, haka dokar fom ɗin take.

"Baba, sau nawa kuke cin abinci a rana?"

"Alhamdulillahi, ɗana, ba ma kwana da yunwa."

Mutumin da garin kwaki da ƙuli ne abincinsa kwana biyar cikin bakwai. Muhyiddeen ya danna.

"Kuna da wurin kwana?"

"Akwai. Ɗaki mai kyau, har da taga."

"Akwai wata lalura da ke damunku?"

"Sai dai tsufa. Shi kuwa ba ciwo ba ne."

Na kasa daurewa. Na ce, "Malam, idon fa?"

"A'a, da sauƙi," in ji shi. Kuma duk maganar nan da yake yi, fankar da aka kafa a gefen tebur yake fuskanta, ita yake yi wa murmushi.

"Abin da ya faru a sansani, yana hana ku barci ko yana sa ku kuka?"

"Ya wuce, ɗana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu."

Muhyiddeen ya danna na ƙarshe, ya juyo mini da fuskar kwamfutar kamar zan iya karantawa. "Maki biyu ya samu cikin ashirin. Daga sha biyar ake ɗauka. Sistem ya nuna ba ya cikin mabuƙata."

Na sunkuya na ce masa a hankali, "Kai ɗan ina ne?"

"Hotoro."

"To a Hotoro, in ka tambayi dattijo lafiya, ka taɓa jin ya ce maka yunwa yake ji? Kakanka in yana kwance rai a hannun Allah ka ce ya jiki, me zai ce?"

"Da sauƙi zai ce."

"To ka ɗaga hannunka ka tambayi wannan yatsu nawa."

"Babu wannan a fom, Baba. Waɗanda suka aiko fom ɗin ba su sa ba. Kuma ko na sa shi, mai hoto ba zai yarda ba. Ku dubi rigarsa fa. In aka tura wannan hoton, cewa za su yi mun raba wa 'yan uwanmu."

Ya kira na gaba. Na gaba mai facin Dorayi ne, tun kafin a tambaye shi sunansa ya fara kuka.

Na ja Malam Ya'u gefe, inuwar wata mota. Raina ya ɓaci, na ce masa, "Malam, kun ga abin da kuka yi? Kalma ɗaya ce, ba na gani. Ku faɗa mu koma."

"In tsaya gaban yaron da na yi jika da shi in ce ina jin yunwa? Allah bai hana ni komai ba, Gali. Mu tafi gida."

Muna cikin haka sai ga wata mata ta fito daga siton da sauri, leshi har ƙasa, waya biyu a hannu. Hajiya Saudat ce, shugabar gidauniyar. Tana faɗa wa na bayanta cewa babban baƙo ya kashe wayarsa, masu bidiyo sun kafa kaya, kujerar tsakiya ba kowa, ita ta shiga uku. Sai idonta ya sauka kan shaddata. Ta tsaya cak, ta gyara mayafi, ta rusuna.

"Alhaji, ku ne a tsaye a nan cikin rana? Wa ya bar Alhaji a waje? Sannunku da zuwa, Alhaji, ku gafarce mu."

Ba ta san wane Alhaji ba ne. Na gani a fuskarta. Amma a garin nan ba a tambayar mai irin wannan riga sunansa, kada ya zamana wanda ya kamata ka sani ne. Ta dube ni. "Tare kuke?"

"Tare muke, Hajiya."

Ban yi ƙarya ba. Na kama hannun rigarsa kamar yadda barori suke yi wa iyayen gidansu, na matse masa hannu don kada ya yi magana, muka bi ta. Ta wuce da mu ta gaban teburin Muhyiddeen, ya miƙe tsaye baki buɗe. Aka kai Malam Ya'u kujerar tsakiya a teburin manya, mai laushi, da fanka a bayansa. Ni na tsaya a bayan kujerar, hannu a baya.

Aka shigo da na kan benci cikin siton, aka buɗe taro da addu'a, aka kira Ɗan'auta ya ba da shaida a madadin waɗanda suka tsira. Gaskiya yaron yana da baki. Ya ce an ɗaure su da sarƙa, an hana su ruwa kwana arba'in, ya ce shi da kansa ya ci takalminsa. Da abin ya yi masa daɗi sai ya ce ranar da aka kama su har wayoyinsu aka ƙwace don kada su kira gida. Wata baturiya da ke kallo ta cikin kwamfuta, ana fassara mata, ta sa hannu a ƙirji. Ba wanda ya ƙaryata shi.

Aka kawo wa manya lemo da sambusa a faranti. Ina kallo Malam Ya'u ya lalubi sambusar, ya raba ta biyu, ya ci rabi, ya zura rabin a aljihun shaddata. Man sambusar yana naso ina gani. Na kau da kai.

Sannan aka ce babban baƙo zai miƙa buhun farko. Na tashe shi, na ɗora hannunsa a kan buhun shinkafa, aka kira shugaban ƙungiya ya karɓa. Ɗan'auta ya taho yana ɗingishin da bai zo da shi ba, ya ɗago kai, suka yi kusa.

"Baba Ya'u?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Ku ne?"

"Wa nake ji kamar Ɗan'auta? Ya mahaifiyarka, ya ƙafar tata?"

Na sa baki ta kafaɗarsa. "Ka yi shiru in yi shiru. Farin gemunka yana zuba."

Ya share wuya, ya rungumi buhu, aka ɗauki hoto. Haka Malam Ya'u ya miƙa wa mutum sittin shinkafar da aka aiko dominsa, kowanne yana sa masa albarka.

Da aka gama, Hajiya Saudat ta roƙi Alhaji ya ɗan ce wani abu. Aka sa masa abin magana a hannu. Ya yi sallama, sannan ya ce:

"Ni ban iya jawabi ba. Mu arba'in da uku ne a ajin da aka zuba mu. Kullum gwangwanin madara ɗaya na garin rogo, shi ma ba kullum ba. Wanda ya cinye nasa duka da safe, shi ne yake fara kwantawa, sai muka koyi ajiye rabi. Ubangidana, Malam Idi, ya riƙa ba ni rabinsa yana cewa ya ƙoshi. A wata na biyar ya rasu. Ba likkafani, da allon makarantar muka tona masa. Mu tara muka fito. Ina iya faɗin sunan sauran talatin da huɗun, kullum bayan Asuba ina faɗa. Ba a ɗaure mu da sarƙa ba, ba wanda yake da ƙarfin gudu. Shi ke nan abin da na sani."

Waɗanda ke kan benci kowa ya sunkuyar da kai, har mai facin ya daina kuka. Hajiya Saudat ta karɓi abin maganar hawaye na zuba, na gaske kuwa, ta ce, "Jama'a kun ji. Ashe Alhaji ma ya ɗanɗana. Daga sansani ga inda Allah ya kai shi, kuma bai manta da 'yan uwansa ba."

Malam Ya'u ya ɗaga hannu. "Hajiya, ni fa ba kowa ba ne. Gadi nake yi a Challawa. Ba ni da komai, rigar nan ma ta aro ce."

Aka kwashe da dariya, aka tafa. Wani mai tumbi a gefen tebur ya ce shi ya sa yake son masu kuɗin da, akwai tawali'u. Ban ga laifinsu ba. Duk attajirin da na taɓa yi wa lodi a Bompai, in ka gaishe shi sai ya ce maka shi talaka ne, ana dai lallaɓawa.

Na hango Muhyiddeen ya nufo Hajiya da kwamfutarsa a hammata. Na tare shi a bayan lasifika. Na ce, "Je ka faɗa mata. Sai ka ƙara da cewa mutum ɗaya ne a wurin nan ya ga sansani da idonsa, kai kuma ka ba shi maki biyu, ka ba wanda aka ƙwace wa wayar salula lokacin yaƙi ashirin. Baturiyar nan tana ji." Ya tsaya, ya gyara tabarau, ya koma teburinsa.

Wanda ke zaune a damar Malam Ya'u likitan ido ne, Dakta Ashafa, shi gidauniyar ta ɗauko don aikin mutum goman. Ya ga Malam ya miƙa hannu zai ɗauki ruwa ya kamo tulun fure. Ya leƙa fuskarsa, ya ciro 'yar fitila a aljihu ya haska.

"Subhanallahi. Alhaji, tun yaushe kuka bar idon nan haka?"

"Da sauƙi, likita."

Na sunkuyo. "Mun yi fama da shi, Dakta. Ba ya son a ce yana da damuwa."

"Haka suke, manyan nan. Ko Masar kuke shirin kai shi?"

"Ba mu tsayar da magana ba tukuna."

"Wace Masar, aikin minti ashirin? Ku kawo mini shi ranar Alhamis. Kada ku bi ta wajen kati, ku zagayo ta baya, ku ce ni na ce. Da hannuna zan yi, kuma ba maganar komai tsakanina da Alhaji. Mutumin da ya tsaya wa marasa ƙarfi haka." Ya rage murya. "Su goman da aka rubuta mini, sai bayan wata uku layi zai zo kansu. Na ma duba su ɗazu, bakwai idonsu ya fi nawa. Baƙin gilashi suke so."

A hanyar komawa, cikin a daidaita, mun wuce Sharada ke nan Malam Ya'u ya juyo wajena. Ya ce, "Gali, anya ba mu ci haƙƙin wani ba?"

"Don wa aka kawo aikin idon?"

"Don waɗanda suka yi sansani."

"Kun yi ko ba ku yi ba?"

"Na yi."

"Kun yi musu ƙarya?"

"Na faɗa musu gaskiya, suka tafa." Ya lalubi aljihu, ya ciro rabin sambusar, ya raba ta biyu ya miƙo mini. "Amma ranar Alhamis zan sake faɗa wa likitan."

Ya kuwa faɗa, yana kwance a kan gadon aiki. Dakta Ashafa ya yi dariya ya ce Alhaji akwai barkwanci, ya ce a riƙe masa kai.

Washegari aka cire bandeji daga idon dama. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya kalle ni ya ce ashe na tsufa haka. Mako biyu bayan nan manaja ya zo, ya tsaya can wajen tsohuwar tankar ruwa ya ɗaga yatsu. Malam Ya'u ya ce uku ne, kuma maɓallin rigarsa na biyu ya ɓalle. Manaja ya shiga motarsa, ba a sake maganar makulli ba.

Gidauniya ta buga kalanda. Ɗan'auta da kansa ya kawo mana guda, ya ce an ƙara masa girma, yanzu shiyya guda yake shugabanta. Hoton yana tsakiya: Malam Ya'u cikin shaddata yana miƙa buhu, Ɗan'auta ya karkace baki. Na sa aka karanta mana rubutun ƙasa. An ce wani attajiri mai son a sakaya sunansa yana tallafa wa ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira. Malam Ya'u ya kafa ta a bangon ɗakinsa, ya ce ko ba komai yanzu yana iya ganin kwanan wata. Ya kuma ce in da ya san launin rigar nan haka yake, da shuɗiyar shaddata ya ara.

Saura idon hagu. Dakta ya ce a dawo bayan Sallah da mako biyu, ta ƙofar baya. Tabon man sambusa bai fita daga aljihun ba, mai wanki ya yi iya yinsa. Na ce ya bar shi haka, in an naɗe hannun rigar a kafaɗa ba ya nunawa, ya dai ƙara mata sitaci.